Farfela mai lamba 13 ko mai 15? Injina na nishi in na ɗauki mutane

Ɗan Yelwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Ina da jirgin faiba mai tsawon ƙafa 23 da inji Yamaha Enduro mai doki 40. Ba haya nake yi da shi ba, iyali da baƙi nake ɗauka, mu tsallaka Rofia, wani lokaci mu gangara Warra ranar kasuwa. In daga ni sai yaron jirgi, ba laifi, yana tashi ya hau kan ruwa ya miƙe. Amma da mun kai mutum bakwai da ɗan kaya, sai goshi ya ɗaga sama, gindi ya nutse, inji ya yi ta nishi, ga shan mai ba kama hannun yaro. A jikin farfelar an rubuta 11 1/8 x 13-G. Wani mai kayan inji ya ce in sayi mai lamba 15, wai ita ce mai gudu. Kafin in zuba kuɗina, me kuka gani?

Mai Shago:
Wa alaikumus salam. Ai gaskiya ya faɗa maka. Duk masu son gudu 15 suke nema a wurina, har 16 ma. In da hali ka sayi ta ƙarfe mara tsatsa, ka huta da sayen farfela.

Baba Direba:
Ɗana, kada ka saya. Injin da ke nishi da 13, ka ƙara masa 15, ai ka gama da shi. Ƙasa za ka yi, ba sama ba. Nemi 11.

Mai Shago:
Baba, ranka ya daɗe, 11 ai ta manyan jiragen katako ce masu ɗaukar buhuna. Yaron nan jirgin faiba gare shi.

Baba Direba:
Alhaji, farfela ba ta san katako ba, ba ta san faiba ba. Nauyi ta sani.

Injiniya New Bussa:
Baba ya yi daidai, amma bari in faɗi dalili don kada a ce gardama ce kawai tsakanin mai saye da mai sayarwa. Lambobi biyun nan da ke jikin farfela duk inci ne. Na farko, 11 1/8, faɗin da'irar da kunnuwan ke zanawa in suna juyawa. Na biyu, 13, shi ne taku: nisan da farfelar za ta ci gaba a juyi ɗaya, da a ce ruwa ba ya zamewa. Harafin G kuwa yana nuna dangin injin da take shiga. To mai taku 15 tana son cin inci 15 a kowane juyi, kuma inji ne zai biya da ƙarfinsa. Idan ƙarfin ya isa, gudu zai ƙaru, a nan Alhaji bai yi ƙarya ba. Idan bai isa ba, daidai yake da ka sa wa mota giya ta huɗu tana hawan tudu da lodi: ka taka totur har ƙasa, tana kakari, ba ta zuwa ko'ina.

Yamaha sun rubuta cewa E40X, wato irin injinka mai doki 40, in an buɗe totur gaba ɗaya, ya kamata ya juya tsakanin 4500 da 5500 a minti. Wannan shi ne alƙali. Farfelar da ta sa injinka ya faɗa cikin wannan tsakani, da lodin da ka saba ɗauka, ita ce taka. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce duk inci ɗaya da ka rage a taku, juyin inji zai ƙaru da kamar 150 zuwa 200. Ka ƙara inci ɗaya, ya ragu da haka. Ƙanena, nawa injinka ke juyawa in ka cika mutane?

Ɗan Yelwa:
Yaya, wallahi ban sani ba. Injin ba shi da agogo ko ɗaya, igiya ce da totur sai giya.

Baba Direba:
Mu da kunne muke aunawa. Inji mai lafiya in ka buɗe masa, kuka yake siriri, yana tafiya sumul. Wanda farfela ta fi ƙarfinsa muryarsa ƙasa-ƙasa take, za ka ji ta a tafin hannunka ta sandar tuƙi, hayaƙi ya yi yawa. Tun ana cika tafkin nan na Kainji bayan gama dam a 1968 iyayenmu ke kan ruwa, ba wanda ya rataya agogo.

Injiniya New Bussa:
Allah ya ja da kwana Baba, kunnenku ya sha inji shekara da shekaru. Kunnen Ɗan Yelwa fa? Shi ya sa nake cewa ya nemi ɗan agogon nan na auna juyin inji mai batir a ciki, wanda ake naɗe wayarsa a jikin wayar fulogi, zagaye huɗu ko biyar. Masu gyaran janareta ma suna da shi. Sai dai a kula da saitinsa: injin nan mai bugu biyu ne. In aka bar shi a wani saiti daban, zai iya nuna maka ninki ko rabin gaskiya, ka je ka sayi abin da ba shi ba.

Bakaniken Bakin Ruwa:
Ku dakata tukuna. Kowa ya hau kan farfela, ba wanda ya tambayi lafiyar injin. Sau nawa ake kawo mini inji ana cewa farfela, in buɗe in tarar fulogi ɗaya ne ke ci, ko kafireta ta toshe da dattin man jarka, ko wayar totur ba ta buɗewa har ƙarshe. Inji mai silinda biyu in ɗaya ta yi rauni, ko farfelar zinariya ka sa masa nishi zai yi. Malam Ɗan Yelwa, ciro fulogi biyun ka duba. Sannan ka kifa jirgin ko ka ja shi tudu ka ga cikinsa ta ƙasa. Jirgin da ya daɗe a ruwa gansakuka na kama shi, ita kaɗai ta isa ta hana shi tashi. Wasu jiragen faiba kuma bene biyu gare su, ruwa na shiga tsakani ya kwanta, kana yawo da shi ba ka sani ba.

Ɗan Yelwa:
Oga, fulogi sababbi ne, kafireta ma ba a daɗe da wankewa ba. Da na ciro su yanzu duk biyun baƙi ne, da ɗan maiƙo. Cikin jirgin zan sa yara su kankare gobe in sha Allah.

Bakaniken Bakin Ruwa:
Baƙi duk biyun, kuma in ba kaya yana tashi lafiya. To na koma layin Baba. Wahala ce yake sha. Ka bar shi a haka, baƙin nan zai taru a kan fistin, zobba su maƙale, zafi ya yi yawa, wata rana ka ji ya ɗauke a tsakiyar ruwa. Kuɗin fistin da zobba da aikin buɗe inji ya ninka na farfela nesa ba kusa ba.

Na Gaya:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni ƙaramin inji gare ni, Enduro mai doki 15, a kan kwalekwalen katako, nan Gaya. Farfela ta 9 1/4 x 11 ce da na saye shi. Da na koma mai taku 9, gudun bai ragu ba in da lodi, kuma esansi, wato fetur, ya fi kai ni nisa. Abin da na lura, mu masu hawan kogi muna gaba da ruwa, ƙaramin taku ya fi mana. Amma ku gane, kwalekwale mai nauyi ba ya hawa kan ruwa kamar faiba, ratsa shi yake. Akwai gudun da in ya kai, ko ka ƙara totur sai dai ya tara igiyar ruwa a baya.

Injiniya New Bussa:
Wannan magana ta Na Gaya muhimmiya ce, kuma ita ce ta raba matsalar Ɗan Yelwa da tasa. Jirgi irin na faiba yana da wani tudu da sai ya haye. Kafin ya haye, goshi sama, gindi ƙasa, yana tura ruwa da ƙirji, a nan ne ya fi shan mai kuma ya fi wahalar da inji. Da ya haye sai ya kwanta a kan ruwa, jan da ruwa ke yi masa ya ragu, juyin inji ya ƙaru da kansa. Jirginka da mutum bakwai ya maƙale ne a jikin tudun nan. Saboda haka ribar da za ka samu in ka sauko da taku za ta iya fin 200 ɗin nan na kowane inci, don in ya haye, lissafin ya canza.

Mai Shago:
To naji, na bar maganar 15 tun da taron dangi aka yi mini. Amma a kan ƙarfe mara tsatsa ina nan. Kunnuwanta sun fi siriri, ba sa lanƙwasa in inji ya matsa, ba ta cinyewa da yashi. Ta alminiyam kuwa ka bi ta kan rairayi sau kaɗan, bakinta ya zama kamar an gatsa. Wanda ya sayi ta ƙarfe sau ɗaya, mai alminiyam ya sayi uku.

Ɗan Zango Yeji:
Alhaji, gaisuwa daga Ghana. Duk abin da ka faɗa a kan ta ƙarfe haka ne, amma a ruwan da ba kututture. Mu nan tafkin Volta daji ne aka nutsar tun da aka tare ruwa a Akosombo, itatuwa na nan tsaye a ƙarƙashi har yau, wasu ka ga kansu, wasu sai ka ji su. In ta alminiyam ta daki kututture, kunne ne zai lanƙwashe ko ya karye, ka cire ka sa wata ka ci gaba. In ta ƙarfe ce, ita ba ta ji komai ba, sai dukan ya wuce ciki: sandar da take kai ta karkace, ko haƙoran giya su zube. Na ga mutum ya ɗaga inji yana murna farfela lafiya lau, ya juya ta da hannu sai ga ta tana rawa, sanda ta tafi. Kainji ma ai haka take, ko ba haka ba Baba?

Baba Direba:
Haka take ɗana, har da duwatsu. Musamman in ruwa ya ja baya kafin sabon ruwa ya iso, wuraren da ka bi lafiya da sanyi sai ka tarar da kututture ya fito. Ni ban taɓa sa ta ƙarfe ba kuma ba zan sa ba. Gara farfela ta mutu ta bar giya.

Mai Shago:
Ai akwai roba a tsakiyar farfela don wannan. Ita ke shanye duka.

Bakaniken Bakin Ruwa:
Tana shanye wani, ba duka ba. Kuma tun da ka ambaci robar, bari in faɗa wa masu karatu, don ita ma tana ruɗa mutane. In roba ta saki, za ka ji inji ya yi ihu, juyi ya haura, jirgi kuwa ba ya tafiya, amma in ka rage totur sai ya ɗan ja a hankali. Mutum ya ce giya ta lalace. Gwajin mai sauƙi ne: ka ja layi da fenti ko ƙusa daga cibiyar ciki zuwa jikin farfela, ka yi tafiya ka buɗe totur, ka dawo ka duba. In layin ya rabu biyu, roba ce. Tsofaffin injuna masu fil kuwa, fil ɗin ne ke karyewa ya ceci giya. Don Allah masu sa ƙusar kafinta a madadinsa ku daina.

Ɗan Yelwa:
Oga, tun da ana maganar ihu, nawa ma yana yi in na sha kwana da gudu. Sai ya yi wani ƙara kamar ba ya cikin ruwa, sai na rage sannan ya kama. Robar ce?

Bakaniken Bakin Ruwa:
In a kwana kawai yake yi, iska ce farfela ke sha daga sama. Duba faffaɗan farantin nan da ke saman farfela. Ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya ɗan fi shi ƙasa kaɗan. Ɗauki katako miƙaƙƙe ka kanga a cikin jirgin daga ƙasa ka ga inda ya taɓa ƙafar inji. Akwai inji mai gajeriyar ƙafa na allon baya mai inci 15, akwai mai doguwa na inci 20. In aka ɗaura gajere a dogon allo, har abada zai sha iska. Sannan sandar nan da inji ke jingina a kai, mai ramuka, ka mayar da ita ramin da ya fi kusa da jirgi. Zai danna goshi ƙasa, ya taimake ka tashi da lodi. Wannan kyauta ne, ba sai ka je wurin Alhaji ba.

Mai Shago:
Oga kai ma ka sa mini ido yau.

Hajiya Mai Banda:
Ni ba direba ba ce, amma kullum ina cikin jirgi da kwandunan kifi, don haka ina da ta cewa. Na farko, Ɗan Yelwa, ina mutanenka ke zama? Na san halin mutanenmu, kowa baya yake gudu don tsoron feshin ruwa, a bar goshi fayau. Ka tura mutum biyu da kaya gaba ka ga bambanci. Na biyu, tsorona da wannan hira shi ne wani zai karanta ya ce ashe in na sa 11 ko 10 zan iya ƙara mutum biyar. Ba mu manta da jirgin da ya nutse da mutane kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba, gidaje nawa aka yi zaman makoki. Inji ya iya turawa daban, jirgi ya iya ɗauka daban. Kuma rigar ruwa da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ke ta magana a kai, ku masu jirgin gida kun fi kowa sakaci da ita.

Ɗan Yelwa:
Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Riguna shida gare ni, zan cika su. Maganar zama kuwa kin kama ni, surukaina duk a baya suke zama kusa da ni, ina jin nauyin in ce su matsa.

Hajiya Mai Banda:
Ka ce musu Hajiya ce ta ce.

Ɗan Zango Yeji:
Wani abu da ba a taɓo ba: mai kunne huɗu fa? Na ji ana cewa ta fi tashi da lodi.

Injiniya New Bussa:
Tana riƙe ruwa da kyau, tana tashi da wuri, kuma jirgi na iya zama a kan ruwa da ƙaramin totur. Abin da take ci shi ne ɗan gudun ƙarshe, kuma tana rage juyin inji, shi ya sa galibi ake sauko da taku inci ɗaya in za a koma mata. Amma ina zai same ta a Yauri, in ta karye kuma ina zai sami wata? Ku lura da jerin masu kunne uku na Yamaha ɗin kansu: 11 1/8 x 13, sai 11 3/8 x 12, sai 11 5/8 x 11, sai 11 3/4 x 10. Taku na sauka, faɗi na ƙaruwa. Wato mai 11 ta riga ta fi tasa faɗin da za ta kama ruwa. Wannan ya ishe shi.

Ɗan Yelwa:
Jama'a na dawo. An kankare jirgi, na mayar da sandar jingina ciki, na aro agogo wurin mai gyaran janareta, na kuma buɗe manhajar auna gudu a waya. Da farfelata mai 13, ni da yaro: juyi 5000. Da mutum bakwai da kayan da muka saba, biyu a gaba: 4100, gudu kilomita 24 a awa, bai kwanta ba sosai. Baba Direba ya aiko mini da tsohuwar 11 5/8 x 11 ɗinsa aro, Allah ya saka. Da ita, lodi ɗaya, hanya ɗaya: ya tashi ya kwanta, juyi 4900, gudu 33. Surukina har ya riƙe hularsa.

Injiniya New Bussa:
Madalla. Ga lissafin ga mai son ya yi nasa. Giyar E40X tana raba juyi biyu, inji ya juya sau biyu farfela sau ɗaya. Ka raba juyin inji da 2, ka ninka da taku, ka ninka da 0.001524, zai ba ka kilomita a awa in ba zamewa. Da 13: 2050 sau 13 ya ba da kusan 40.6, amma 24 ka samu, wato kusan kashi 40 cikin 100 na aikin farfela ya tafi a dama ruwa. Da 11: 2450 sau 11 ya ba da kusan 41, ka samu 33, zamewa ta dawo kusan kashi 20. Kuma man da za a duba ba na awa ba ne, na hanya ne. Inji mai bugu biyu mai doki 40 in an buɗe shi duka yana iya shan kusan lita 20 a awa. Tafiyar da ke cin awa ɗaya da gudun 24, da gudun 33 ba za ta kai minti 45 ba. In ya kwanta kuma sai ka ɗan rage totur, ya zauna a kan ruwa, nan ne ribar take.

Sai dai ka auna ta ba lodi?

Ɗan Yelwa:
Na auna. Yana taɓa 5500, har yana neman wucewa in ruwa ya kwanta, sai na rage.

Injiniya New Bussa:
To ka ga bakin iyaka ke nan. Ni da ni ne, 11 3/8 x 12 zan saya. Da lodi za ta ba ka wajen 4600 zuwa 4700, ba lodi wajen 5200, duk cikin ƙa'ida, ba sai kana gadin totur ba, ko ka ba yaro jirgi ba ka da fargaba.

Baba Direba:
Injiniya, a nan mun rabu. 4600 ɗinka a takarda ne. Ranar da iska ta taso daga kudu, igiyar ruwa na dukan goshi, ko aka ƙara buhun shinkafa ɗaya, 12 za ta mayar da shi inda ya fito. Yaron nan ya ce da iyali yake tafiya, ba shi kaɗai ba. Ya sayi 11 ya ɗaura, 13 ɗinsa ya ajiye a cikin jirgi, da sifana da washa da noti da fil na ƙari a leda. Ranar da zai fita shi kaɗai ya canza, aikin minti kaɗan ne. Dama bai kamata a hau tafkin nan da farfela ɗaya ba.

Injiniya New Bussa:
Ban ƙi ba Baba, amma mutum nawa ne ke canzawa? Za a ɗaura 11 a manta, yaro ya ɗauki jirgi wayam ya murɗe totur har ƙarshe.

Baba Direba:
Sai a hana yaro makulli.

Ɗan Yelwa:
Baba ai ba makulli, igiya ce.

Bakaniken Bakin Ruwa:
Kowacce ka saya, in za ka canza kada ka manta da washa mai kauri da ke bayan farfela, in babu ita farfela za ta ci jikin giya. Ka shafa giris a sandar, ka sa sabon fil a noti. Kuma duk lokacin da ka cire, duba bayan washar nan: zaren koma da igiyar mamari na naɗewa a wurin su yanke robar da ke tare man giya. In ka kwance noti na ƙasa ka ga man ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, kawo shi kafin ka sake fita. Kada kuma ka canza farfela a kan ruwa mai zurfi in ba dole ba, noti nawa ke kwance a ƙasan tafkin nan.

Mai Shago:
Ina da 11 guda biyu, 12 sai an aiko daga Legas ko Onitsha. Ka duba haƙoran ciki kafin ka biya, 13 ne na injinka, akwai masu kama da ita da ba sa shiga.

Ɗan Yelwa:
Alhaji ajiye mini 11 ɗaya, zan shigo bayan la'asar. In 12 ta iso ka sanar da ni, in Injiniya zai zo Yauri da agogonsa mu gwada ta a gaban Baba.

Na Gaya:
Oga bakanike, kafin a watse: tawa kunne ɗaya ya ɗan lanƙwashe, mai walda ya ce zai buga ya miƙe. In ba shi ko in haƙura da ita?

Bakaniken Bakin Ruwa:
In bakin ne kawai ya naɗe, a daddale shi a hankali a goge da zarto. In lanƙwasar ta kai tsakiyar kunne ko sai an yi ciko da walda, nauyin kunnuwan ba zai ƙara zama ɗaya ba, za ta dinga girgiza tana cin robar giya. Turo hotonta ta gefe in gani.